Fuskar Maigadi a Wasan Bidiyo

A saman benen da Maigadi yake tsaro akwai kamfanin wasu samari masu ƙera wasan bidiyo, irin yaran nan da ba su san gaisuwa ba sai in suna son wani abu. Ran nan kuwa suka gaishe shi har da rusunawa. Suka hau da shi sama, suka zaunar da shi a kujera mai juyawa, kyamarori ta ko'ina. Yi dariya, Baba. Ɓata rai. Wage baki. Suka ce za su sa fuskarsa a sabon wasansu.

Murnar da ya yi ba don kansa ba ce, don 'yarsa Auta ce. Yarinyar ta kai ajin ƙarshe a sakandare amma ba ta taɓa kawo ƙawa gida ba, saboda ba ta son a san babanta buɗe ƙofa yake yi. Ya sani sarai, abin kuma yana ci masa rai. Da ya ba ta labari, har tsalle ta yi ta riƙe masa hannu.

Sai aka fara talla: mai so ya biya tun yanzu, wasan sai baɗi. Marowatan banza, ko kyautar guda ba su yi masa tayi ba. Shi ya je da ƙafarsa ya biya.

"Baban Auta, ka taɓa ganin na sayi yadi ban warware shi ba?" in ji matarsa.

"Ke ba ki ga tallar ba ne. Birni guda, da jarumai."

"Kai ka gan ka a ciki?"

"An ce sirri ne tukuna."

Ranar da wasan ya fito, Auta ta aro na'urar wasan wajen ɗan kawunta, ta share falo, ta gayyato ƙawayenta su zo su ga babanta a talabijin. Maigadi ya roƙi abokin aikinsa ya tsaya masa, ya biya kanti ya sayo lemo mai sanyi. Ta ƙofar kicin ya shigo, ya jera kwalaben a faranti, ya tsaya bayan labule yana leƙe, yana jiran a kira shi.

Birnin dai ba na talla ba ne. Bango yana ƙyaftawa, jarumin ya yi taku biyu ya nutse a titi har ƙugu. Can sai murfin kwata ya buɗe, wasu ruɓaɓɓun halittu suka yi ta rarrafowa, yawu yana dalala, ƙuraje suna tsiyaya. Ragwayen samarin nan ko wahalar canza musu kama ba su yi ba, fuska ɗaya ce da su duka. Ga wushiryar Maigadi, ga tabon girarsa, ga bakin nan da aka ce ya wage.

Rubutu ya fito a allo, wai ga tukuicin waɗanda suka biya da wuri: gudumar zinare. Wata ƙawar Auta ta karɓi rimot ta hau duka, kawuna suna fashewa kamar ruɓaɓɓen tumatir.

"Tir, ƙazamin tsoho! Ƙara masa!" Suna ihu suna dariya har da faɗuwa a kujera.

Auta ce kaɗai ba ta motsa ba. Mai dukan ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke, wai ina baban naki? Har yanzu ba mu gan shi ba."

Auta ta dubi ƙasan labule, inda takalman aikinsa suka leƙo. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ina jin ba su sa shi ba," ta ce.

Matarsa ta matso kusa da shi, ranta a ɓace. "Shiga ka kashe ƙazantar nan, ko ni in shiga."

Ya girgiza kai, ya miƙa mata farantin.

"Ke kai musu, kada ya huce."

Ya ja hularsa ta rufe girar, ya lallaɓa ya fita ta baya, don kada wata ta ga fuskarsa ta ƙaryata masa 'ya.