Shinkafar Doguwa da Man Auta

Ranar da otal ɗin bakin tasha ya rufe, Mai Wanki ta koma gida da baho a ka, babu ko zanen gado ɗaya a ciki. Ruwa ya ƙi zuwa a shekarar, masana'antar da ke ciyar da rabin unguwa ta kulle, wanda ba shi da na abinci kuwa ba ya ba da wanki. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya, murhu ɗaya, da 'ya'ya mata biyu: Doguwa mai shekara sha shida, da Auta mai bi mata.

Ana cikin haka motocin taimako suka shigo. Wasu suka kafa rumfa a tsohon silima suna raba shinkafa. Wasu suka kafa tasu a filin makaranta suna raba mai da wake. Kowa da addininsa ya zo, kuma babu wanda ya zo da irin na mutanen unguwar. Nan da nan aka manta da dogayen sunayensu, aka koma kiransu Masu Shinkafa da Masu Mai.

Babu wanda ya taɓa cewa sai ka bar addininka za a ba ka. Sai dai ba a kwance bakin buhu sai an gama wa'azi. Wanda ya zauna ya saurara, a auna masa gwangwani biyu. Wanda ya miƙe ya ce ya karɓa, a ɗaura masa zare a wuyan hannu, a ɗauke shi hoto, a ɗora masa rabin buhu a ka. Zaren Masu Shinkafa shuɗi ne, na Masu Mai rawaya, kuma mai wannan ba ya shiga rumfar wancan.

Maƙwabciyarta Mai Gawayi ce ta kawo dabarar.

"Maman Doguwa, shinkafa babu mai, azaba ce, mai babu shinkafa kuma sai dai ki shafa a kaushi. 'Ya'ya biyu gare ki, rumfa biyu ce. Me kike jira?"

"Addinin fa?"

"Baki ne zai faɗa. Suna da na'urar leƙa zuciya ne?"

Mai Wanki ta kalli Auta, wadda wuyanta ya koma kamar mariƙin ludayi. Washegari ta zaunar da 'ya'yan ta koya musu. "Duk abin da suka ce, ku ce to. In suka ce a yi kuka, ku yi. Ku dai ɗauko buhu ku dawo." Doguwa ta yi silima, Auta ta yi filin makaranta.

Da yamma shinkafa da wake da mai suka haɗu a tukunya ɗaya. Su uku suka kewaye tire, Auta tana kwaikwayon yadda mai wa'azinsu ke ɗaga gira, Doguwa tana rera waƙar tasu rumfar da muryar akuya. Mai Wanki ta yi dariya har ta ƙware. A ranta ta ce ta ci riba biyu ba ta sayar da komai ba.

Rabo duk mako ne, kuma ba a ba wanda ya yi fashin darasi. Doguwa yarinya ce da ba ta iya yin abu rabi da rabi. Aka lura da muryarta, aka sa ta gaba wajen waƙa. Wata mata mai farin tabarau ta riƙa kiranta 'yata, ta ba ta takalmi sabo fil, abin da ba ta taɓa sawa ba. Sai ga shi ta daina muryar akuya. Tana wanke-wanke tana rera waƙar a hankali, ido a lumshe.

Wata rana Mai Wanki ta ɗauko kwalbar mai, Doguwa ta riƙe mata hannu.

"Inna, kar ki zuba a nawa. An ce Masu Mai sun karanta abinsu a kai kafin su raba."

"An ce? Wa ya ce? Man da ya fito miki da kumatu?"

"A lokacin ban sani ba."

Auta ta taɓe baki. "Mu ma an ce shinkafarku ta ɓatattu ce. Ni wakena kawai zan ci."

Mai Wanki ta ɗauka wasa ne, ta zuba. Babu wadda ta taɓa tiren. Dole ta aro tukunya ta biyu wajen Mai Gawayi. Murhu ɗaya, sai a dafa farar shinkafa gaya a sauke, sannan a ɗora wake. Doguwa ta ci nata a bakin ƙofa, Auta a bayan labule. Katifar da suke kwana a kai tare ma, sai da suka jera filo a tsakiya.

Ganin Doguwa tana tura shinkafa da ruwa kamar magani, uwar ta fara ɗiga mata mai a ɓoye tun a tukunya. Sun yi kwanaki a haka. Ranar da 'yan matan suka yi faɗa a kan bokiti, Auta ta fasa ƙwai.

"Malama mai tsarki, ai kin daɗe kina shan manmu. Tambayi Inna."

Doguwa ta ajiye cokali, ta fita bayan ɗaki ta zura yatsa a maƙogwaro. Da ta dawo ta ƙulle kayanta a zani, ta fice. Masu Shinkafa suna da gidan kwana na 'yan mata waɗanda, a faɗarsu, gida ke hana su tsayawa a kan hanya.

Mai Wanki ta bi ta har silima, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ta tarar da shugaban rumfar zaune a kan buhuna, mutum mai laushin murya.

"Yallaɓai, gaskiya na zo faɗa. Ƙarya muka yi muku. Ni na turo ta, don shinkafa. Ku karɓe zarenku, ku riƙe buhunku, ku ba ni 'yata."

Ya yi murmushi. "Mama, da yawa yunwa ce ke kawo su. Mu ba ma tilasta wa kowa. Ga ta nan, tambaye ta."

Doguwa na tsaye a bayan mai farin tabarau, cikin sabon takalmi.

"Doguwa, faɗa musu wasa muke yi. Ke da kike musu muryar akuya."

"Ke kika ce duk abin da suka ce in ce to, Inna. Na ce. Yanzu kuma da gaske nake."

"Ni na haife ki."

"Na sani. Ina yi miki addu'a kullum."

Shugaban ya sa aka ɗora wa Mai Wanki buhu cikakke, wai kyautar da ake ba iyayen 'yan gidan kwana. Ta so ta jefar. Ta tuna da Auta, ta ɗauka.

Kafin ta isa gida, labari ya kai filin makaranta. Masu Mai ba za su yarda a ce 'yan silima sun fi su ba. Ta tarar da motarsu a ƙofar gida, Auta a kujerar baya rungume da jakar makaranta. Wani saurayi mai hular rana ya yi mata bayani: makarantar kwana a babban birni, kyauta, har da littattafai.

"Auta, sauko. Ke ma kin yarda da nasu ne?"

Auta ta kawar da kai. "Ni ban sani ba, Inna. Amma a can sau uku ake ci. Yaya ma ai ta tafi."

Mai Wanki ta kama ƙofar motar. Ta dubi ɗakin, ta dubi murhun. Hannunta ya saki da kansa. Kafin su tayar da motar, saurayin ya sauke mata jarkar mai da buhun wake a bakin ƙofa, ya roƙi ta tsaya kusa da su ya ɗauki hoto.

Da yamma ta mayar wa Mai Gawayi tukunyar aro. Ta haɗa shinkafa da wake a tata, ta kwarara mai ba tare da aunawa ba. Sai da ta juye a tire ta ga hannunta ya auna na mutum uku.

Mai Gawayi ta leƙo, ƙamshi ya jawo ta. Ta kalli buhunan da jarkar, ta riƙe haɓa.

"Maman Doguwa, ai ke kin haye. Duk wannan, ke kaɗai."

Mai Wanki ta tura mata tiren da ƙafa.

"Ɗauki ki kai wa yaranki. Ki tabbata a tire ɗaya suka ci."