Ledar Clement

Bana itatuwan pikan ɗin Mama, gyaɗar bishiyar nan mai taurin ɓawo, sun yi 'ya'ya kamar da gayya. Guda huɗu ne kacal a bayan gida, amma tun da Nuwamba ta kama ba ka taka ƙasa ba ka ji ƙaras a ƙarƙashin takalminka ba. Na yi ta sunkuyo ina tsinta har bayana ya ƙage, ina rige-rige da kurege, ga kabejin lambu na jiran ban ruwa. Duk wannan da sauƙi. Ɓarar ce ta hana ni sakat.

Mama ba ta yarda kowa ya ɓare mata. Shekarunta tamanin da ɗaya, kuma tun muna yara ita ke zama a baranda da abin matsi da ɗan tsinken ƙarfe, ta fasa, ta zaro ƙwayar, ta sakace busasshen abin nan mai ɗacin tsiya da ke maƙalewa a tsakiya. Sannan ta ƙulla a leda ta aika wa kowane ɗa tasa kafin bikin Ranar Godiya na ƙarshen Nuwamba. Yanzu idonta ya yi rauni ƙwarai, ita ce dai ba ta yarda ba. Duk kwanon da ta cika, ɓawo ne birjik a cikinsa.

Yayana Clement kuwa dama yake jira. Tun bara ya samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi a garin Albany, wai wadda ba ta gani ba ta zama ita kaɗai. Na ce masa Mama na gani garau.

"To shi ke nan, Vernice," in ji shi ta waya. "Mu ga ledar bana."

Wato haƙorinsa ya ci karo da ɓawo ɗaya, Mama ta bar gidanta ke nan.

Saboda haka kullum na baro wurin aiki da rana sai in biyo ta gidan. Da ta shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa, sai in ɗauke kwanon zuwa kicin in sake tsince shi ƙwaya-ƙwaya, in mayar inda ta bar shi. Mako uku ina wannan, farcena duk sun kakkarye. Abin haushin, ta tashi ta shafa kwanon ta yi min gori.

"Kin ga aikin gwanaye ko? Ba irin naki ba, da kike farfasa su kamar sun zage ki."

Sai in haɗiye in ce, "Haka ne, Mama." Haushinta nake ji, da na Clement, da na itatuwan da suka rasa shekarar da za su yi 'ya'ya sai bana.

Ranar Talata barcin bai ɗauke ta ba. Ina tsaka da aiki, ina jefa ɓawo a wani tsohon gwangwani, sai na ji takunta a bakin ƙofa. Ko idon ya tafi, kunnen nan ras yake.

"Me kike jefawa a gwangwani?"

"Ba komai. Shara ce."

"Sharar da ke ƙara haka? Ina kwanona?"

Ta lalubo kujera ta zauna, ta jawo kwanon gabanta. Ta ɗauko abu ɗaya ta ɗaga wajen hasken taga.

"Wannan fa?"

"Ɓawo ne, Mama."

Ta ajiye, ta ɗauko wani. "Wannan?"

"Shi ma."

Ta ɗauko na uku. Ƙwaya ce, amma da abin ɗacin nan a cikinta. Na kasa faɗa mata gaskiya. Na ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau."

Ta jefa a baki ta tauna. Na ga fuskarta ta yamutse, amma ba ta tofar ba, sai da ta haɗiye.

"Tun yaushe kike bin bayana?"

"Mako uku. Da na bara ma."

"Har na bara." Ta goge hannu a jikin rigarta. "Ina ta yi miki gori, kina ta cewa haka ne."

"To me kike so in ce? Clement ya ce in ya ga ɓawo ɗaya..."

"Na san abin da Clement ya ce. Ai ni ba kurma ba ce." Ta nuna wajen kantar kicin. "Ɗauko min leda. Wannan kwanon nasa ne, yadda na ɓare shi."

"Haba Mama. Kin san fa abin da zai yi. Ki ba ni rabin awa kawai in ƙarasa."

"Ban taɓa aika wa ɗana aikin hannun wani da sunana ba, sai da kika sa ni. Riƙe min bakin ledar, ba na ganinsa."

Na so in fizge kwanon in watsa wa kurege. Amma na buɗe ledar na riƙe da hannu biyu, ta karkata kwanon a hankali, ina jin ɓawon na zuba tare da ƙwayar.