Rakiyar Malam Muttaƙa

Ciwon zuciyar Malam Muttaƙa ba irin wanda ake warkewa ba ne. Likitan Magarya ya faɗa wa matarsa Hinda haka ƙarara tun ranar farko: sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani. Abin da ke kawo maganin kuwa wani ɗan karti ne shuɗi da wata ƙungiya ta raba wa masu doguwar jinya. Da shi Hinda ke karɓo ƙwayoyi kyauta a farmasi, da ɗan abin cefane duk wata uku. In babu kartin babu magani, don gonarsu ta Dogo-Dogo ko hatsin shekara ba ta cika ba su.

Sai ga saƙo wai za a zo a sake duba masu karti, a cire waɗanda suka samu sauƙi. Kai ka ce kumburin zuciya zazzaɓin damina ne da yake sakin mutum da kaka.

Hinda ba masu dubawar take tsoro ba, mijinta take tsoro. Mutum ne da tun yana dillancin shanu aka san shi da abu guda: ba a taɓa yin baƙo a gidansa ya bar shi ya fita shi kaɗai ba. Ko kuɗin goro ka zo nema, sai ya raka ka har bakin hanya. Ciwo ya raba shi da kasuwa da gona, amma bai raba shi da wannan ba.

Da safen ranar ta durƙusa gefen tabarmarsa ta ce, "Malam, don girman Allah yau ka kwanta yadda ka saba. In an tambaye ka, ka faɗi abin da ke akwai."

"Da can ƙarya na saba yi?"

"Ban ce ba. Amma ban da tashi, ban da rakiya."

Ya ce ya ji. Jin nasa ke nan, tana juya baya ta shiga madafi ya jawo babbar rigar Juma'a ya zura, ya rufe ƙafafun nan da suka kumbura kamar turmi, ya kafa hula.

Motar ƙungiya ba ta iya shigowa lungunsu ba saboda rairayi, sai ta tsaya can bakin rijiya. Wadda ta zo dubawar ma'aikaciyar jinya ce, Madam Yakura, mai fara'a, ga ta da gidaje da yawa a gabanta. Hinda ta kawo mata fura ta koma bayan zana tana saurare.

"Baba, kana samun zuwa masallaci?"

"Muna taɓawa, 'yata."

Rabonsa da masallaci tun Sallar layya.

"Barci fa?"

"Sai godiya."

Mutumin da yake kwana a zaune, jingine da buhun gero, don in ya kwanta numfashi ɗaukewa yake. Hinda ta ciji leɓe har ta ji zafi. Ta yaya za ta ƙaryata mijinta gaban baƙuwa? Madam Yakura ta auna tansiyo, wato hawan jini, shi ma tansiyon ranar ya ga damar zama lafiya lau. Ta ce bari ta ga ƙafa, ya ƙara jan riga ya ce ƙafa ba ta da laifi. Sa'ar 'yarsa ce, ba zai yaye mata riga ba. Ita ma ta ji nauyinsa ta ƙyale.

Tana miƙewa ya riga ta ɗaukar jakarta.

"A'a, Baba, yi zamanka."

"Baƙo ya fita gidana shi kaɗai? Ai ban mutu ba tukuna."

Hinda ta ji kamar ta fasa ihu. Ta ɗebi gyaɗa a ƙwarya, wai tsaraba, ta bi bayansu. Tana ganin gumi na bin wuyansa, tana ganin yadda yake tsayawa gaida mutane ba don gaisuwar ba, sai don ya saci numfashi. Amma ya kai bakin rijiyar da ƙafarsa, har da dariya.

Madam Yakura ta shiga mota ta ce, "Ma sha Allah, Baba, jiki ya yi kyau. Irin wannan sauƙin muke so mu gani." Ta zaro alƙalami. "To, a koma gida haka nan, na gode."

Hinda ta san sauran. Zai tsaya yana ɗaga hannu har motar ta ɓace bayan itatuwa, sannan ya zube, a kwaso shi a amalanke, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Sau nawa ta rufa masa wannan asirin? In ta rufa yau, karti ya tafi.

Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"Madam, ki ce wa direba ya kashe mota. Kin ga zuwansa. Ki tsaya ki ga komawarsa."

Matan da ke jan ruwa suka saki guga suka juyo. Malam Muttaƙa ya dube ta, kallon da bai taɓa yi mata ba tun aurensu.

"Hinda, kin tsai da baƙuwa a rana."

"Na tsai da ita, Malam. Bismilla, mu je gida."

Direba ya kashe mota. Malam Muttaƙa ya saki ƙofar motar da yake dafe da ita, ya juya, ya gyara hula. Bai ko wuce komin shayar da dabbobi ba gwiwoyinsa suka ƙi. Ya zauna daɓas cikin jiƙaƙƙen rairayi, baki buɗe, ƙirji na sama da ƙasa, rigar Juma'a ta yaye, ƙafafun suka fito kowa ya gani.

Madam Yakura ta sauko a guje. Ta danna yatsa a ƙwaurinsa, ramin ya zauna bai tashi ba. Tana durƙushe ta ce, "Baba, ka yafe mini." A motar aka kai shi har bakin lungu, inda rairayi ya tare hanya, maza suka ƙarasa da shi a hannu.

Karti bai tafi ba. An ma ƙara masa wata ƙwaya ta rage ruwan jiki, har yakan samu barci a kwance wani lokaci. Bai yi wa Hinda faɗa ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Ita kuwa da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi.

Ranar kasuwa ta gaba ƙanensa Habu ya zo daga Waca duba shi. Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa yana jira, kamar yadda ya saba tun suna samari. Malam Muttaƙa bai motsa daga tabarma ba. Ya juya fuska wajen bango ya ce, "Hinda za ta raka ka."