Sunan da Baba Visvaldis Ya Soke

"Kar ki buɗe! Skaidrite, don Allah kar ki buɗe!"

Maƙwabcina ne, Baba Visvaldis, yake kakkarwa a kan gado. Mata biyu ne fa kawai a bakin ƙofa, riƙe da akwatin zaɓen da ake kai wa marasa lafiya gida.

"Haba Baba, kai ka sa aka kira su. Zaɓen majalisa ne."

"Haka suka ƙwanƙwasa ranar da aka kwashe mu."

Yana yaro aka loda su a taragon shanu zuwa Saberiya, can ƙuryar Rasha, don wani ya ja layi a kan sunan ubansa. Tunda ciwo ya kwantar da shi, jiya da yau suka cakuɗe masa.

Da ƙyar ya yarda suka shigo. Muka juya masa baya. Mu nan Latbiya, in ka ɗauki takardar jam'iyyarka, ɗan takarar da bai yi maka ba sai ka soke sunansa. Na ji biro ya yi ƙiii.

Suna fita ya damƙe hannuna.

"Na kashe ɗan mutane. Ojars, likitan dabbobi. Na soke shi, don kawai ya ce zumata ta yi ruwa."

"Baba, iyakarta ya rasa kujera ya koma wa shanunsa."

"'Ya'yansa ƙanana ne. Za a zo da mota a kwashe su."

"Babu mai zuwa."

"Haka uwata ma ta ce."

Daga ranar ko ruwan miya ya ƙi sha. Duk sanda mota ta wuce, sai ya ja bargo ya rufe kai. Tsoro ya kama ni, kar tsohon nan ya tafi da alhakin ran da bai ɗauka ba. Ƙuri'a sirri ce, na sani sarai, amma na hau keke na je na tona wa Ojars.

Na same shi a garke, ya tuntsire da dariya. "Shi kaɗai? Ai surukata ma ta soke ni, har gori take yi mini!"

Da ya dubi fuskata, dariyar ta ɗauke.

"Bar motarka, zo a ƙafa," na ce. "Kuma kar ka ƙwanƙwasa."

Muka shiga a hankali. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya shafa hannun rigarsa mai warin garke.

"Sun sako ka?"

Ojars ya dube ni, ya juya ga Baba. "Sun sako ni, Baba."

Kafin la'asar rai ya yi halinsa, rigar Ojars na cikin hannunsa.

Da na zo gyara shimfiɗar, na tarar da ƙunshin da ya haɗa wa Ojars a ƙarƙashin matashi, ɗaure tamau irin na mai doguwar tafiya: guntun baƙin burodi, safar ulu ta babban mutum, da ƙaramar kwalbar zuma.