Kifi Mai Rawani

Likitar ta ajiye biro ta dubi Muhlisa. "Ki yi tunani da kyau. A danginku ko na mijinki, an taɓa samun wanda ya faɗi haka saboda haske mai walƙiya? In akwai, maganin da zan ba Sanjar daban ne. Ba na son in yi wa yaro ɗan shekara biyar gwaji da magani."

Muhlisa ta ce babu, domin abin da ta taso tana ji ke nan. Amma tun tana sa wa ɗan nata takalmi a bakin ƙofa wani abu ya fara sukar ranta. Sau biyu ke nan Sanjar yana sandarewa, ido ya juye, kumfa a baki: na farko a gaban talabijin, na biyu a gidan biki inda fitilu ke ƙiftawa. Mijinta yana can Rasha wurin aikin gini, iyakarsa ya bugo waya ya ce ta yi haƙuri.

Abin da ta tuna guntu-guntu ne. Lokacin sanyi, tana ƙarama, ƙafafunta cikin bargo. Akwatin wasan nan da ake jona wa talabijin, da kaset ɗinsa mai ruwan ƙwai. Wani ɗan mutum yana nutso cikin baƙin ruwa, ga ƙaton kifi da wani abu a kansa kamar rawani. Sai fari, ja, fari, ja. Sai ƙarar faɗuwar mutum, da ƙaurin isiriƙ, ganyen da ake turarawa don kambun baka.

Ta wuce gidansu, ta tarar da mahaifiyarta, wadda suke kira Oyi, tana kwaɓin gurasa.

"Oyi, yaya Doniyor ya taɓa faɗuwa muna yara?"

"A'uzubillahi! Baki ne ya kama shi, na turara masa ya tashi garau. Ke shekararki nawa ma a lokacin? Mafarki kika yi."

"Mafarki na yi, ko baki ne ya kama shi?"

Tsohuwar ta daki ƙullun da ƙarfi. "Ki iya bakinki. Yayanki babbar mota yake ja, da ita yake ciyar da gidansa. So kike a ƙwace masa lasisi?"

Shi kuwa Doniyor, da ta kira shi, dariya ya yi ta yi. "Wane kifi kuma? Ke da muke ba ki hannun wasan da ba a jona ba, kina ta dannawa kina murna wai ke ce ke cin wasa? Ni ban tuna komai ba, malama."

Ya faɗa da saurin da bai kwanta mata ba. Amma ita kanta ba ta da tabbas. Ba za ta je ta ɗora wa yayanta farfaɗiya a gaban likita bisa abin da ƙila mafarki ne ba, ba kuma za ta bari a ɗura wa ɗanta maganin da ba nasa ba. In dai kifin nan yana nan a duniya, to faɗuwar ma an yi ta.

Sunan wasan ne babu wanda ya sani. Rubutun da ke fitowa na China ne ko na Japan, kowane layi a unguwa da sunan da yaransa suka laƙaba masa. Ta buga "kifi mai rawani" a waya, aka kawo mata hotunan miya.

A can ƙarshen kasuwar Namangan, bayan masu tsofaffin rediyo, ta sami wani mai tumbi da kwali cike da kaset. Ta tsuguna tana tonawa.

"Me kike nema, ƙanwata?"

"Namu yana da hoton soja a kan babur."

Mutumin ya yi dariya har da tari. "Soja a kan babur! Ai rabin kwalin nan soja ne a kan babur. Masu yin su duk takardar da ta zo hannu ita suke mannawa. Na taɓa sayen mai hoton ɗan dambe, na je gida na tarar da agwagwa ce. Bar hoto. Me ake yi a ciki?"

Ta ba shi labarin mai nutso da kifin. Ya hura wa wani kaset iska ya cusa a tsohon akwatin wasan da ke gefensa, sai ga jirgin ruwa. Ba shi ba ne. Wani kuma kwaɗo ne ke tsalle. Wani ya ƙi tashi sam, duk da hurin da ya sha. Ƙafafunta suka yi tsami, ta fara tunanin ko da gaske Oyi take.

"Kiɗansa fa? Kin tuna?"

Ta waiga hagu da dama. Matar aure, a tsakiyar kasuwa. Ta runtse ido ta rera shi a hankali ta hanci, ɗan kiɗan da yake sauka kamar mutum na gangara matakala.

"Kai! Kawu Mai Tulu!" Ya buga cinya. "Mu haka muke ce masa a layinmu, saboda tulun iskar da ke bayansa. Ashe ku kifin kuka gani." Ya zaro wani kaset mai hoton motar tsere. "Yana cikin wannan, can ƙasan jerin wasannin. Ni ban taɓa kaiwa ga kifin ba, amma an ce in ka kashe shi talabijin kamar zai fashe don walƙiya."

Ta roƙe shi aron akwatin da kaset ɗin, ta bar masa lambarta.

Ranar Lahadi Doniyor ya zo cin shinkafa a gidan Oyi. Da aka gama, Muhlisa ta tura Sanjar da kakarsa gidan maƙwabta, ta leƙa ta ga sun shige, sannan ta rufe ƙofa ta jona akwatin. Ta zauna dab da bango, hannunta a kan wayar wuta.

"Ke dai ba kya girma," in ji Doniyor. Amma da kiɗan ya tashi sai ya ajiye kofin shayinsa. Ya karɓi hannun wasan. Yatsunsa masu kaushi suka kama hanya da kansu, ya kauce wa ƙaguwa, ya bi ta wani rami da ita ko ganinsa ba ta yi ba.

"Ashe ba ka tuna komai ba, yaya."

Ruwan ya yi baƙi. Kifin ya taso daga ƙasa da rawaninsa, daidai yadda yake a kanta duk shekarun nan. Doniyor ya harbe shi, ya sake harbi, ya ɗaga babban yatsa zai ƙarasa, sai ya saki hannun wasan ya kawar da fuska, ya rufe ido da damtse.

"Kashe! Kashe shi, Muhlisa!"

Ta riga ta fizge wayar.

"Ai bai fara walƙiyar ba," ta ce a hankali. "Ya aka yi ka san tana zuwa?"

Ya daɗe bai sauke hannun ba. Da ya yi magana, ba ita yake kallo ba. "A hanyar Tashkent akwai wurin da dogayen bishiyoyi suka yi layi. In rana ta yi ƙasa tana ratsowa ta tsakaninsu, nakan faka in ce wa yaron mota fitsari nake ji. Ban sake faɗuwa ba, wallahi. Amma ina jin shi yana tahowa."

Hawaye ya zubo mata. Ta zo neman abin da za ta gaya wa likita, ta samu, ga shi kuma abincin gidan yayanta ne a hannunta.

"Zan iya cewa wani ɗan'uwa ne, ba sai na kama suna ba."

"Za ta tambaye ki abin da ba ki sani ba." Ya zare kaset ɗin yana jujjuya shi, yana kallon motar tseren. Daga bayan katanga suna jin muryar Sanjar yana kiran kyanwar maƙwabta. "Yaushe za ku koma?"

"Laraba da safe."

"Laraba ina da lodi." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Zan sa wani ya ja, in bi ku wurin likitar. Kada dai ki gaya wa Oyi tukuna."