Lemun Tsamin Bayan Kicin

Ruwan gidan Mama ba ya ga maciji da sabulu. Sai ka yi ta gogawa har hannu ya gaji, kumfa ta ce ba da ita ba. Cikin butar shayi farin ɓawo ya kama kamar an shafa alli, kan shawa ya toshe, fararen kaya sun koma ruwan toka. Shekara talatin tana fama, har ta daina ƙorafi.

Autanta ne bai daina ba. Wata Asabar sai ga shi da mai gyaran famfo, da wata na'ura mai dogon tulu da tanki a gefe, da buhun gishiri biyu. Suka kafa ta a lungun bayan kicin.

"Mama, ita za ta cire nauyin ruwan," in ji Auta. "Naki kawai ki riƙa ƙara mata gishiri a tankin nan in ya yi ƙasa."

"Inji ma sai da gishiri? Allah ya sa kada gobe ta nemi barkono."

Mai famfo ya fara bayani a kan wani siririn tiyo da ya zura cikin kwata, amma Mama ta jiyo ƙauri, ta yi wajen tukunyarta.

Kafin mako ya zagayo ta yarda Auta ya yi abin kai, don sabulu kumfa yake har ya ba ta haushi. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Duk bayan kwana uku da hantsi na'urar kan yi gurnani, siririn tiyon ya yi ta kwarara ruwa garau cikin kwata. A gidan Mama kuwa ba a zubar da ruwa. Na wanke-wanke a yayyafa wa tsakar gida, na ɗauraya a kai wa lemun tsami.

Wannan lemun marigayi maigidanta ne ya dasa shi shekarar da aka haifi Auta. Tun da ya rasu ita ke kula da shi, in ba kowa a gida har labarin jikoki take ba shi. Saboda haka ta zaro tiyon daga kwata, ta ɗaura masa wani guntun tiyo da igiyar roba, ta kai bakinsa gindin bishiyar. Ba ta gaya wa kowa ba. 'Yan zamani ba su san zafin ruwa ba, me za ta ce musu?

Bayan wata guda bakin ganyen ya fara ƙonewa. Mama ta ce ƙishi ne. Ta tuna maɓallin da ta ga mai famfo ya danna ranar gwaji, ta shiga danna shi safe da yamma, ruwa na malala a gindin lemu. Ganye ya ci gaba da zuba. Ta zargi gara, ta barbaɗa toka. Ta zargi tsutsa. Hankalinta ya tashi sosai, abinci ma ya daina shiga.

Da buhu na biyu ya ƙare, Auta ya ce lallai na'urar ta samu matsala, ya dawo da mai famfo. Mutumin ya duba tanki, ya leƙa kwata bai ga tiyo ba. Ya bi shi da ido har gindin bishiya, inda ƙasa ta yi fari fat. Ya tsaya baki buɗe.

"Mama, wa ya kawo wannan nan?"

"Ni ce," in ji Mama. "Da sai in zuba ido ruwa mai kyau yana bin kwata?"

Mai famfo ya nufi na'urar. Ya danna maɓallin, ya tari ruwan a murfin buta, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kurɓa, ta tofar nan take. Gishiri ne zalla, har yana ɗaci.

"Da shi na'urar take wanke cikinta," ya ce a hankali. "Duk gishirin da kike zubawa, ta nan yake fita."

Mama ta dubi buhunan nan biyu da ta ninke ta ajiye a kan taga. Auta ya matso ya riƙe hannunta. Buhu biyu cur, da hannunta, safe da yamma, tana yi tana yi masa sannu.

"Zai tashi?" in ji Mama.

Mai famfo ya kankare ɓawon wani reshe da farce. Busasshe ne. Ya gwada na biyu, ya gwada jikin bishiyar, sannan ya sunkuyar da kai.

"Mama, zan sayo wani mu dasa," in ji Auta.

"Wa zai dasa shi?"

Ta zame hannunta daga na Auta, ta tambayi mai famfo ko akwai famfon da ruwansa bai bi ta na'urar ba. Ya nuna mata na bakin ƙofa. Ta ɗauki bokiti ta cika, ta hana su karɓa, ta kinkimo shi har gindin lemun ta juye. Ta koma ta sake cikowa.

"Wannan ruwan yake sha shekara talatin," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Bai taɓa cewa yana da nauyi ba."