Tirelar da Ta Ƙi Fita Daga Garejin Kawu Barend

Ranar Asabar da hantsi na gama shafa fenti na ƙarshe. Ni nake shafawa, domin Yaya Floors hannunsa na walda ne, in ya riƙe buroshi sai fentin ya riƙa dalala kamar majinar yaro. Shuɗi na zaɓa. Ya ce kalar ta yi kama da rigar 'yan mawaƙan coci, na yi shiru, washegari kuma ya sayo min shuɗin.

Ƙaramar tirela ce ta kwana, irin wadda mota ke ja a baya. Gabanta a zagaye yake, bayanta kuma yana tafiya yana tsukewa har ƙasa, kamar ɗigon hawaye da aka kwantar. Katifa ɗaya ce ke shiga cikinta, sai wani murfi a baya da ake ɗagawa a ga wurin girki. Yaya ya ga irinta ne wurin masu zuwa garinmu Steinkopf kallon furanni a watan Agusta. Ya zagaye ta yana aunawa da tafin hannu, har mai ita ya fito ya tambaye shi ko lafiya. Tun da aka sallame shi daga aikin haƙar tagulla ba shi da abin yi, sai ya shiga tara ƙarafa da katako. Ya haɗa gindin da walda, muka lanƙwasa katako a kai, muka lulluɓe shi da tsofaffin zannuwan gado da aka jiƙa da gam. Daga nan sai fenti, shafi a kan shafi, har zanen ya yi tauri yadda ruwan sama ba zai ratsa shi ba.

Saboda ni aka yi ta. Yaya ya sami aikin tsinkar inabi a Kakamas, bakin kogin Orange, amma a can maza a ɗaki ɗaya suke kwana, babu inda zai ajiye ni. In da tirela, ni in kwana a ciki, shi ya kwana a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa. Ta haka ne kawai zan bar gidan Kawu Barend.

Kawu Barend wan mahaifiyarmu ne, a wurinsa muke tun da ta rasu. Yana da dorina da yake ratayewa a bayan ƙofar kicin. In gishiri ya yi yawa, ni ce. In akuya ta shiga lambu, ni ce. A wannan watan ma kunnena na hagu bai daina ƙara ba.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda ya ba mu garejinsa ba musu. Da hannunsa ya gina shi da duwatsu da laka, ba ya barin ko kaza ta leƙa. Amma ya ce mu yi aikinmu a ciki. Kullum yakan kife akwatin lemo a bakin ƙofa ya zauna da kofin kofi, yana kallonmu yana murmushi.

"Ragel, kama nan," in ji Yaya a ranar. "Mu fitar da ita rana ta busar da fentin. Kar ki taɓa jikin, ƙarfen gaba za ki riƙe."

Muka ja. Ta taho a hankali, hancinta ya fita, rana ta haska shuɗin. Sai muka ji ƙau! Ta tsaya.

Yaya ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Na ga wuyansa ya jiƙe da gumi. Jikin tirelar ya auna da ƙofa tun farko, kuma yana wucewa. Amma daga baya ne ya sa tayoyin, a waje da jikin, ya kuma liƙe sandar ƙarfen da ke riƙe su da walda don kada hanyar tsakuwa ta kwance ta. Ko an cire tayoyin, kawunan sandar sun fi ƙofar faɗi da kamar tafin hannu.

Kawu ya fashe da dariya har kofi ya zubo masa a wando.

"Injiniya! Babban injiniyan yankin Namakwa! Tun ranar da ka shigo da ƙarfen nan na gani. Na ce bari in ga gudun ruwanka."

"Ka gani, Kawu, ba ka faɗa min ba?"

"Ka tambaye ni? Ai kai ka san komai."

Yaya ya cire hularsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Kawu, don Allah. Layi ɗaya na duwatsun gefen ƙofa zan cire. Kafin gobe bayan coci na mayar maka da su, da siminti ma, ba laka ba."

"Ka taɓa dutse ɗaya ka gani."

"To ya za mu yi da ita?"

"Ku yi da wa? Abin da aka haifa a garejina nawa ne. Kajina sun daɗe suna son ɗaki mai fenti." Ya nuna ni da kofin. "Kai ka tafi inabinka, ba wanda ya riƙe ka. Wannan kurmar tana nan. In ta tafi, uban wa zai dafa min?"

Yaya ya mayar da hularsa. Ya raɓa ta gefen tirelar ya shiga cikin garejin, ya fito da babbar gudumar fasa dutse.

Kawu ya riga ya nufi kicin. Tsoho ne, amma ya yi shekaru yana ɗaukar buhuna a tashar jirgin ƙasa, ƙirjinsa kamar ƙofa. Yaya ya ɗaga guduma ke nan dorinar ta sauka a bayansa. Rigar ta tsage, jini ya biyo layin. Ta biyu ta same shi a kunne. Ya saki gudumar ya cafke bakin dorinar, suka shiga ja, Kawu yana zagin mahaifinmu da bai taɓa gani da ido ba. Da Kawu ya ga ba zai ƙwace ba, sai ya saki, Yaya ya tafi da baya ya faɗi a kan tarin katako. Kawu ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen kwance taya.

Yaya ya kare kansa da hannun dama. Na ji ƙarar ƙashin, kamar an taka busasshen reshe. Bai yi ihu ba, bakinsa kawai ya buɗe. Kawu ya sake ɗaga ƙarfen, wannan karon kansa yake nema.

Gwangwanin fenti yana kusa da ƙafata, da saura kusan rabi. Na ɗauka na watsa masa a fuska.

Ya yi wata irin ƙara, ya yar da ƙarfen, ya shiga lalube da idanu a rufe. Ban gudu da wuri ba. Ya damƙi gashina, ya buga fuskata a jikin tirelar. Ɗanyen fenti ya shiga bakina tare da jinin hancina. Ya ja ni ya sake bugawa. Na juya na kafa haƙora a tsintsiyar hannunsa, na cije har na ji gishirin jininsa, ban saki ba. Yana naushina a ka da ɗaya hannun, ban saki ba. Sai Yaya ya taso a guje, hannunsa yana reto, ya sa kai ya tunkuyi cikin Kawu. Suka zube tare a tsakar gida. Kan Kawu ya bugi akwatin lemon, ya kwanta yana nishi, yana murza ido da hannu, fentin yana ƙara shiga.

Mutane sun taru a bakin wayar shingen gida. Anti Mieta, maƙwabciyarmu, ta tsallako da zanen girkinta a ɗaure.

"Barend! Kai da girmanka! Daina murzawa, shashasha, so kake ka makance? Wani ya miƙo min man girki da ruwa!"

Yaya yana zaune a ƙasa, ya rungume hannunsa, fuskarsa ta yi fari. Ya dubi tirelar, ya dube ni.

"Ragel, bar shi kawai. Mun yi asara."

Gudumar tana nan inda ya yar da ita. Da ƙyar na ɗaga ta. Dukan farko ya zame, ya girgiza min haƙarƙari. Na biyu ya sami laka tsakanin duwatsu, ƙura ta tashi. Na ci gaba. Jini yana ɗiga daga hancina a kan ƙotar, hannuna yana santsi, ina gogewa a siket ina komawa. Dutse ɗaya ya fita, na samansa ya biyo shi, ya sauka a kan babban yatsan ƙafata. Na ji zafin har cikin haƙorana, amma ban duba ba.

"Me nake ji?" in ji Kawu daga ƙasa. "Mieta, me ake fasawa? Floors, ɗan banza, zan kashe ka!"

"Ba Floors ba ne," in ji Anti Mieta, tana danne kansa a cinyarta tana zuba mai. "Kwanta. Yarinyar da kake ce wa kurma ce ke fasawa."

Da duwatsun gefe suka zube, katakon saman ƙofa ya sunkuyo, kwanon rufi ya fara kuka. Dirk, surukin Anti Mieta, ya yi tsalle ya shigo.

"Ya isa, Ragel, ya isa! Rufin zai danne ta! Ku zo mu ja, ku kuna tsaye kamar an zo kallon ƙwallo!"

Maza biyu suka shigo. Suka kama ƙarfen gaba, ni na ajiye guduma na kama tare da su. Tayar hagu ta hau kan duwatsun da suka zube, tirelar ta karkata, gefenta ya gogi bango, zanen ya yage tun daga ƙofarta har baya. Sai ga ta a waje. Ba mu kai bakin waya ba katakon ya faɗo, rabin rufin ya biyo shi.

Ba mu tsaya ba sai a gidan Anti Mieta, kusa da garken awakinta.

Dirk ya kai Yaya asibiti a Springbok, aka sa masa filasta har gwiwar hannu. Likita ya ce ya manta da almakashin inabi a bana. Idanun Kawu sun buɗe, sun yi ja kamar garwashi. Ya aiko a gaya mana duk wanda ya taka gidansa a cikinmu sai an fitar da gawarsa. Kayana suna can, ban je ɗauka ba. Anti Mieta ta ba ni riguna biyu na 'yarta da tukunya ɗaya.

Farcen yatsana ya fita. Ina ɗingishi na liƙe yagewar da gam da wani tsohon zanen tebur. Fenti ya ƙare, don haka facin ya zauna da furanninsa ja. Inda fuskata ta bugu kuwa ya bushe da shaidar, na goge da samfefa, bai fita duka ba.

"Aikin fa?" na tambayi Yaya. Yana zaune a inuwar tirelar yana ƙoƙarin cin gurasar gashi da hannun hagu.

"Na yi wa shugaban ma'aikatan waya. Ya ce hannu biyu yake so, bai damu da na wane ne ba." Ya dube ni. "Rana ce tun safe har yamma, Ragel. Kuma dole ki riƙa amsawa in an yi miki magana. Za ki iya?"

"Zan iya."

"Me kika ce? Ban ji ba."

"Na ce zan iya!"

Awakin Anti Mieta suka watse. Yaya ya yi dariya har hannun ya motsa, ya koma zagi.

Dirk ne ya tuƙa mu ranar Laraba da safe. Hanyar fita garin ta ƙofar gidan Kawu take bi, babu wata. Yana tsaye a gaban garejin, ya fara jera duwatsun a gefe. Da ya hango mu sai ya ɗauki ɗaya ya taho bakin hanya. Dirk ya taka mai. Dutsen ya wuce motar ya sami tirelar, na ji gilashin ƙaramar tagarta ya tarwatse.

"In tsaya?" in ji Dirk.

Yaya ya juyo ya dube ni.

"Wuce," na ce. "Zan liƙe da kwali in mun isa."